Motoci Huɗu a Gonar Kawu

Ƙarfe bakwai da kwata na safe abin ya fara lalacewa, ko da yake ni ban sani ba sai da hantsi ya ɗaga. A lokacin ina zaune a tsakar gidanmu a Wurno, ina shan kunu da ƙosai, littafi a kan cinyata, hankalina kwance. Kawuna kuma yana can gonarsa a Tursa, cikin ƙasar Rabah. Ya gama cire albasa, an yanke lawashi, an cika buhuna. Sai ya ciro waya daga aljihu ya yi magana a cikinta, ya ce yana son motar a-kori-kura guda ɗaya ta zo ta kwashi kaya zuwa kasuwa.

Ba da mutum ya yi maganar ba. Da manhajarmu ya yi.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta a Sakkwato, ina karatun kwamfuta, aka tura mu aikin gwaji na 'yan watanni. Ni na faɗa wani ƙaramin ofis mai ɗaki biyu, inda wani malaminmu da wani matashi da kowa ke kira Injiniya suka haɗa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira domin ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu. Manomi zai yi mata magana da Hausa, ita kuma ta je ta yi masa abin da ya ce. Manoma suka sa mata suna ɗan aike, mu ma muka bi su.

Ɗan aiken nan ba shi da hannu, ba shi da ƙafa. Abin da yake da shi wasu ƙananan manhajoji ne da muke kira kayan aiki. Akwai na duba yanayin sama, akwai na tambayar farashi a kasuwa, akwai na kiran mota, da wasu. Kowanne yana da takardar bayani, 'yan layuka da ke gaya wa ɗan aike abin da kayan ke yi, abin da za a ba shi, da amsar da zai dawo da ita. Ɗan aike ba ya ganin cikin kayan. Bayanin kawai yake karantawa, ya gaskata shi, ya yi aiki da shi. Aikina shi ne in karanta waɗannan bayanai, in auna kyansu, in ba kowanne maki. A kan wannan kuma zan rubuta kundin kammala karatuna.

Aikin ya dace da ni ƙwarai. Tun ina ƙarama, in gida ya cika da baƙi, bayan rumbu ake samuna da littafi. Ga shi an ba ni kujera a lungu, an ce in yi ta karatu, ba sai na yi wa kowa magana ba. Yadda nake yi shi ne in rufe duk abin da Injiniya ya rubuta a cikin manhajar, in bar bayanin kaɗai a gabana, in ɗauki kaina baƙuwar da ta sauka garin yau, ba ta san kowa ba, kuma an hana ta tambaya. In na iya yin aikin a haka, bayanin ya yi kyau. In na tsaya ina zato, to akwai rami.

Bayanin kayan duba yanayi layi ɗaya ne tak: yana ba da yanayi. Na wane gari? Na yau ko na gobe? Na ba shi makin da ya sa Injiniya bai kula ni ba har aka yi azahar. Na farashi kuwa yana dawo da lamba, amma bai ce na buhu ba ne ko na kwando. Wanda ya fi burge ni shi ne na kiran mota. Dogo ne, tsaf, har da misali. Ya faɗi cewa yana tura saƙon tes zuwa wayar ɗan kamashon wata tashar a-kori-kura da ke bakin hanya a Achida, wato mutumin da ke riƙe da layin direbobi. Ya faɗi abin da za a sa a saƙon: gari, yawan buhuna, lambar mai kaya. Duk abin da malaminmu ya ce in duba, na duba na samu. Na ba shi maki mafi yawa, har Malam yakan buɗe shi ya nuna wa baƙi.

To, ran nan da hantsi sai ga kiran Kawu.

"Ɗiyata, kina ina?"

"Ina gida, Kawu. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Ke, mota nawa nic ce a kawo min?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Guda nic ce. Tau ga ukku tsaye bakin gona, ga ta huɗu can tahe, ina hangen ta."

A bayansa ina jin dariyar maza da ƙarar oda. Na ajiye kofin kunu, na yafa mayafi, na ce wa Inna zan je Tursa. Ta dube ni kamar na ce zan je Makka a ƙafa, don ta san ko kanti ba na zuwa sai an matsa mini.

Mota na shiga, sannan kabu-kabu. Da na isa, rana ta fara zafi irin na bazara, ga motoci huɗu jere a bakin gona kamar masu rakiyar amarya. Direbobin suna zaune a gindin bishiyar dogon yaro, matar Kawu ta kawo musu fura a ƙwarya, suna ta gardamar wanda ya riga zuwa. Wani siriri mai jar hula ya hango ni.

"Ga mai injin nan ta zaka!"

Duk suka juyo. Na so ƙasa ta buɗe.

"Hajiya, sannu da aiki," in ji shi. "Halan injin naki ya ɗauka buki aka yi?"

"Bar ta," in ji wani mai ƙiba, yana lasar ludayi. "Ni dai ina son injin ga. Da ba don shi ba ina zan sha hura irin wagga?"

Na durƙusa na gaishe su, muryata ko ni ban ji ta ba sosai. Kawu ya zo yana share gumi, yana dariya, ya ce in tashi, ba mutuwa aka yi ba. Kuma da gaske abin bai zo da muni ba. Lokacin cire albasa ne, kowa yana da kaya a ƙasa. Maƙwabtan gonarsa biyu suka ga mota har bakin gona, suka kira iyalansu aka hau ɗaure buhu da sauri. Ta huɗu kuwa matan unguwa ne suka cika ta, da kwallayensu da goyonsu, za su suna a Rabah. Sun tafi suna guɗa. Maganar man da aka ƙona, Kawu da shugaban ƙungiya suka ja direbobin gefe suka yi ta, ban ji yadda aka ƙare ba.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai farin gemu, Alhaji muke ce masa. Ya yi dariya har sai da ya goge ido da bakin rawaninsa. Amma da ya gama, sai ya kira ni, ya ce in kira malamina a waya in sa kowa ya ji.

"Malam," ya ce, "yau mun yi dariya don albasa na ƙasa, kowa na da ita. Gobe ba lalle mu yi ba. Mako mai zuwa mutanen Rimawa za su ɗauki tasu. Za mu sake gwada ɗan aikenku. In mota ta wuce ɗaya, ko ba ta zo ba, tau ku zo ku ɗauki abinku, mun gode."

Washegari a ofis Malam ya fassara mini abin da hakan ke nufi a wajena. In ƙungiya ta janye, babu ɗan aike, babu bayanan da zan auna, babu kundi. Sai in nemi wani batu in fara daga farko a shekara mai zuwa, 'yan ajinmu su tafi su bar ni. Ya faɗa a hankali, yana juya shayinsa, don shi ma abin ya taɓa shi.

Muka buɗe tarihin abin da ɗan aike ya yi a safiyar. Ba wani abin ɓoye a ciki. Kawu ya nemi mota, ɗan aike ya kira kayan kiran mota, amsa ta dawo: ana jira. Ya ɗan dakata, ya sake kira. Ana jira. Ya sake. Ya sake. Bayan na huɗu ya haƙura. Na koma na karanta bayanin da na ba maki mafi yawa. Ga abin da ya ce: idan ɗan kamasho ya amsa saƙon da lamba ɗaya, amsa za ta dawo an karɓa, in ba haka ba za ta dawo ana jira. Shi ke nan. Bai ce kowane kira sabon saƙo ne ba. Bai ce me za a yi in an ji ana jira ba. Ɗan aike ya yi abin da kowane mai son cika aike zai yi in ya yi sallama a ƙofa bai ji amsa ba, ya sake sallama. Ɗan kamasho kuma bai amsa ko ɗaya ba, amma duk saƙon da ya shigo sai ya tayar da mota.

"Ai kowa ya san in ka kira sau biyu saƙo biyu ne," in ji Injiniya. Yana jujjuya kujerarsa, ya harɗe hannu.

"Kowa ya sani," na ce, idona a kan allon kwamfuta, "ban da shi. Shi abin da ka rubuta kawai ya sani."

Shi ne karo na farko da na mayar masa da magana. Malam ya ƙware da shayi. Injiniya ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana, sannan ya yi dariya ya ce to, Malama mai maki, rubuta masa kada ya kira sau biyu, a huta.

Na rubuta. Sai na rufe komai, na sake zama baƙuwar nan, na karanta. An ce kada in kira sau biyu. To in saƙon bai ma isa ba fa? A Rimawa akwai wuraren da sai ka hau tudu waya ke kamawa, Achida ma wani lokaci sabis yakan ɗauke rabin yini. In na bi wannan layin, zan yi shiru, manomi ya zauna kan buhunansa yana jiran motar da ba wanda ya san ana nemanta. Albasa kuwa in an zuba ta a buhu ba ta son zaman rana.

Na gaya wa Injiniya. Wannan karon bai yi gardama ba. Ya ce ai yana iya ganin ko saƙo ya shiga waya ko bai shiga ba, shi ne dai ya haɗe su duka ya kira su ana jira don sauƙi. Kafin la'asar ya raba su biyu. Na rubuta bayanin na farko da hannuna: in amsa ta ce saƙo bai isa ba, a sake turawa, babu laifi. Na zo na biyu, saƙo ya isa amma ba a amsa ba, na sa alama, na tsaya. Ban san abin da zan rubuta ba.

"Rubuta mota na tafe," in ji Malam. "Sau huɗu bai amsa ba, sau huɗu mota ta zo. Me kike nema kuma?"

Na ce ran nan ba ranar kasuwa ba ce, motoci suna zaune a tasha babu aiki. Ranar mutanen Rimawa kuwa ta faɗo a ranar babbar kasuwa, lokacin da ko kura ta hannu wuyar samu take yi. In babu mota a ranar, me ɗan kamasho yake yi? In shirun nan dai zai yi, to shirun ana zuwa da shirun ba a zuwa duk ɗaya ne a wajen ɗan aike. Zai ce wa mutum mota na tafe alhali ba ta tafe.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "To, je ki tambaye shi."

Haka ya faɗa, kamar mai cewa miƙo mini biro.

Na fara da waya, don ita ce ba a ganin fuskar mutum. Na rubuta tambayata a takarda, na karanta ta a zuci har na haddace, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira. Bai ɗauka ba. Na sake. Da aka ɗauka, sai ƙarar injuna da ihun masu lodi suka cika mini kunne.

"Wa na?"

"Ina wuni, Baba. Ni ce ɗalibar da ke..."

"Kaya na ina?"

"A'a, ba kaya ba ne, tambaya ce game da..."

"Tau in tambaya ta, ki zo tasha. Kai, ja baya! Ja baya nic ce!"

Ya kashe. Na zauna da waya a hannu.

Tasha wuri ne na maza, kuma ni ko gaban aji ban taɓa tsayawa ba sai an tilasta mini. Inna ta ga ina juya tuwo ban ci ba, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce wannan ai aikin Gwaggo ne. Gwaggo ƙanwar babana ce, tana sarin busasshen kifi daga Goronyo tana kaiwa Sakkwato, babu direban da ke bin hanyar nan da ba ta taɓa yi wa faɗa ba. In ta yi sallama a ƙofar gida, kajin maƙwabta ma sukan watse. Da aka gaya mata, sai ta tafa hannu.

"Don wanga ɗan abin kika ƙin cin tuwo? Gobe ki shirya. Ni da shi mun san juna tun yana yaron mota."

Muka sauka Achida da safe. Tashar rumfa ce ta kwano da benci biyu, da wani allo da aka rubuta lambobin motoci da alli. Ɗan kamasho ba ya nan, wai ya bi motocin shinkafa zuwa Goronyo. Direban nan mai jar hula yana wurin, ya gane ni nan take.

"A'a, Hajiya mai inji! Yau mota nawa za mu tasar?"

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo. "Kai da ko lambar motarka ba ka iya karantawa. Tambaya ɗiyata ta zo yi."

Ta zungure ni. Na tambaye su, a hankali, me ake yi in saƙo ya shigo babu mota. Mai jar hula ya ce ai ba a taɓa rasa mota ba. Wani ya ce ƙarya ne, ranar kasuwa ana rasawa. Na uku ya ce su ba ruwansu da waya, tana aljihun mai ita, su dai in an ce mai layi ya tashi sai ya tashi. Suka kaure da gardama a tsakaninsu har suka manta da mu.

"Tashi mu bi shi," in ji Gwaggo. "Ni ma ina da kihi can."

A hanyar Goronyo ta ba ni labarin kowane ƙauye da muka wuce, da wanda ya auri wa, da wanda ya gudu ya bar noma ya koma birni ya dawo da tabarau. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Fadama kore shar a gefen hanya, injunan ban ruwa suna ta tuttu, ga albasa an baza ta jawur a kan tabarmi. Da muka isa wajen masu lodin shinkafa, aka ce yanzun nan ya juya, mun yi saɓani a hanya. Gwaggo ta yi masa addu'ar da ba zan rubuta ba, sannan ta ja ni wajen masunta a bakin ruwa. Ta yi cinikinta, ta sa aka soya mana tarwaɗa, muka ci a kan takarda da yaji, mai yana bin yatsunmu. Wata mai suya ta tambayi ko ni wace ce.

"Ɗiyar yayana ta," in ji Gwaggo. "Ita ka koya ma kwamfuta karatu."

"Kwamfuta? Ba ita ka koya ma mutane ba?"

"Da can kenan. Yanzu an juya."

Ban gyara mata ba. Muka kama hanya tun kafin la'asar, don yanzu ba wanda ke son yamma ta same shi a kan titin nan.

Da na koma gida, Injiniya ya kira ni. Ya ce ya gama nasa gyaran, layina kaɗai ake jira, kuma in ban samu mutumin ba zai sa abin da Malam ya ce, don ba za a bar wurin babu komai ba. Na ce ya ba ni gobe. Jibi ne ranar Rimawa.

Washegari muka sake sauka Achida, wannan karon da sassafe. Yana nan. Ɗan gajeren tsoho ne, baƙi, mai shuɗiyar riga da ta koɗe a kafaɗa, da alli maƙale a bayan kunne. Yana zaune a kan benci yana cin waina da miya, amma idonsa na kan titi. Ya ga Gwaggo, ya ajiye kwano.

"Innalillahi. Mi na yi kuma?"

"Jiya ka sa mun sha rana har Goronyo."

"Ni nic ce ki bi ni? Zauna, uwar rigima. Wagga ɗiyar wa ta?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, har ya tambayi mutanen Wurno. Kafin in buɗe baki wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta, ƙarama ce mai madannai, an ɗaure ta da roba. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya runtse ido ɗaya ya karanta. Ya ɗaga kai ya yi kira, "Mai layi!" Wani direba ya miƙe yana karkaɗe riga. Ya faɗa masa gari da sunan mai kaya, ya ciro alli ya goge lamba ɗaya a allo, ya mayar da waya aljihu, ya koma kan wainarsa. Bai danna komai ba.

"Yauwa," in ji Gwaggo, "tambayar ɗiyata kenan. Wai injinsu na son ka riƙa... ke, mi ma kic ce? Wai in ka ci waina ka danna mishi ɗaya."

"In na ci waina?"

Direbobin da ke kusa suka fashe da dariya. Na ga in na bar wa Gwaggo, za mu koma gida da labarin waina. Na matso kusa da bencin. Tambayar na nan yadda na haddace ta.

"Baba, ni ce mai duba bayanin da injin nan ke karantawa. Shi ne ya turo maka saƙo huɗu ran nan, na Tursa."

"Ke ce? Allah shi yi miki albarka, ran nan layi ya yi gudu."

"Na ga in saƙo ya shigo ba ka amsawa, mota kake turawa."

"Tau mi zan amsa? Ga mota ta tashi, in tsaya rubutu?"

"To, Baba, ranar da babu mota fa? Kamar gobe, ranar kasuwa. In saƙo ya shigo daga Rimawa, motoci duk sun fita. Shirun nan dai za ka yi? Don in shirun ɗaya ne, injin ba zai san abin da zai gaya wa mai kaya ba. Zai ce masa ya jira, ko ya nemi wata hanya?"

Ya daina tauna. Ya dube ni sosai, ya dubi Gwaggo, ya ce mata ashe a gidanku akwai mai magana a hankali. Sannan ya wanke yatsunsa a ɗan kwanon ruwa, ya share su a gwiwa, ya gyara zama ya fuskance ni.

"Ɗiyata, saurara. In akwai mota, ban da abin hwaɗi, ita za ta je ta yi magana. In ko babu, tau ban barin mutum da albasa cikin rana. Nan take ni ka kiran lambar mai kaya da bakina, in ba shi haƙuri, in hwaɗa mishi ko sai azahar, ko sai gobe, ko shi nemi wani wuri. Haƙuri ba a ba da shi a rubuce, rashin kunya na. Ki je ki gaya ma injin naku: in saƙo ya iso gare ni, kada shi sake turo wani. Shi ce ma mai kaya shi riƙe wayarshi kusa. In ta yi ƙara, ni na. In ba ta yi ba, shi ɗaure buhu, mota na bisa hanya."